Ajiyar da Ta Zo a Cikin Mota

Jiya motar ta iso daga Kwatano,
fara, tsohuwa, sitiyarinta a hannun dama.
Alhaji Ɗan Baiwa ya ce a maida shi hagu,
a wanke, a goge, kafin Bonane ta wuce.

Kadri ne ya gan ta,
yana kwance ƙarƙashin kujerar direba, tocila a baki:
'yar jaka ja, ba ta kai yatsu biyu ba,
da saƙar zare mai ruwan zinariya,
da ƙulli mai kunnuwa biyu,
da rubutu kamar sawun kaza a jiƙaƙƙen yashin Gulbi.
Ya yar, ya tofa, ya ce, "Maigida, sammu ne!"
Na ɗauka. Ba ta da nauyi.
Na shinshina, sai ƙanshin turaren da ya tsufa.

Ina da ɗan ƙanwa a ƙasar Japan, Sahabi,
shekara uku yana koyon noman shinkafa.
Na tura masa hoto.
Shayi bai tafasa ba sai ga muryarsa
tana rawar ɗari, a bayanta wani abu na gunji
kamar bijimi a ƙasan rijiya.

Ya ce, "Kawu, ƙararrawa ce kake ji.
Ku kuna la'asar, mu nan dare ya raba.
Sau ɗari da takwas suke dukanta da gungume,
kowane duka, in ji su, yana kakkaɓe wani son zuciya.
Abokina ya jawo ni in ga gidan ibadarsu.
Ina gefe, hannu a aljihu, kallo ne nawa.
Layi ya fi na gidan mai ranar da mai ya yanke.
Ga tsofaffi, ga jarirai a naɗe kamar ƙunshin goro,
kowa ya jefa 'yar dala mai huda a akwati,
ya haɗa tafuka, ya runtse ido, ya ba na baya wuri.
Abin da ke hannunka a nan ake sayensa.
Na masu tuƙi ne, a je lafiya a dawo lafiya.
Shekara ɗaya yake yi, sai a maido shi a ƙona,
a yi godiya, a ɗauki sabo."

To, wannan ba a maido ta ba.
Ta ci teku, ta ci kwastan, ta ci ramukan Dogon Dutsi,
ta zo ta kwanta a garejina na Sabon Gari.

Wa ya tsaya a wancan layin, ƙafa na daskarewa?
Mata ce? Uwa ce?
Ni dai na san ranar da na fara karen mota
a hanyar Agadas,
Inna ta ɗinke wata aba a bakin hulata, da dare,
tana zaton barci nake.
Da na girma, na zauna gaban malam, na farke ta.
Allah ne Mai tsarewa, ban ja da wannan ba har gobe.
Amma allurar na nan cikin idona,
da yadda ta ciji zaren don kada almakashi ya tashe ni.

Kadri ya ce, "Mu ƙona ta mana, ga gawayi."
Na ce a'a.
Ba mu muka roƙa ba, ba mu za mu yi godiyar ba.

Na zazzage notuna daga wani gwangwanin madara,
na sa ta ciki, na rufe,
na rubuta Sahabi da baƙin mai a jikin murfin.
Da damina zai zo hutu.
In zai koma, ya tafi musu da kayansu.

Ladanin bakin tasha ya fara gyaran murya.
Na ce, "Kadri, miƙo buta,
ka bar sitiyarin nan sai baɗi."
Ya zaro ido. Na ce, "Gobe ke nan."